Wa ya ce sai bayan wata shida? Tarihin zuwa duba haƙori



Bara, wani yaro a ajina na CE2 ya yi kwana uku bai zo lakkwal ba. Ranar ta huɗu ya shigo da kunci a kumbure, ido ɗaya ya kusa rufewa. A gida an sa masa kanumfari, an ba shi ƙwayoyin da aka saya wurin mai tebur, ciwon ya lafa ya dawo. Daga ƙarshe aka kai shi birni aka cire haƙorin. Da na je gaishe shi, mahaifinsa ya ce mini: "Mushe, ba komai, ai yaro ne, wani zai fito." Na yi shiru, don na san wani ba zai fito ba. Haƙorin da aka cire turmin nan ne da ke tsirowa can baya lokacin da yaro ya kai shekara 6. Ba ya cikin waɗanda ake famfara. Shi ne na har abada, kuma ya tafi tun yaron bai cika shekara goma ba.

Abin da ya ƙara damuna shi ne, makonni kaɗan kafin haka na koya musu darasin tsabtar baki. Sun haddace sarai: a goge haƙora safe da dare, a je wurin likitan haƙori duk bayan wata shida. Haka aka koya mana mu ma a makarantar horon malamai. Sai na tambayi ajin: wa aka taɓa kai wa likitan haƙori alhali babu abin da ke masa ciwo? Ko hannu ɗaya bai tashi ba. Nawa ma bai tashi ba. Daga nan na shiga neman asalin wannan wata shida da muke sa yara su haddace. Wa ya yanke shi, kuma da wace hujja?

Zamanin da sai ciwo ke kai mutum

Shekaru dubbai ɗan Adam bai san wani abu wai shi zuwa duba haƙori ba. Masu aikin haƙori kam akwai su tun da daɗewa. A Masar, wajen shekara 2600 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), an yi wani babban ma'aikacin fada mai suna Hesi-Re wanda aka rubuta a kabarinsa cewa shi ne shugaban masu aikin haƙori. Amma aikinsu yana farawa ne bayan ciwo ya kama. Mutanen Babila sun ɗauka wata tsutsa ce ke shiga haƙori ta rarake shi, kuma wannan fahimta ta zauna a Turai har ƙarni na 18. Mu ma har gobe muna cewa "tsutsar haƙori". Wanda ya yarda tsutsa ce ke faɗo masa rana tsaka, me zai kai shi wurin mai magani kafin ta zo?

Rigakafin da aka sani shi ne tsabta. Sunna ta kwaɗaitar da yin asawaki, musamman lokacin alwala da salla, har ya zama ɗabi'ar yau da kullum daga Makka zuwa ƙasar Hausa. A Kurɗuba ta Andalus, likita Abul Ƙasim al-Zahrawi, wanda ya rasu wajen 1013, ya zana a littafinsa At-Tasrif ƙananan ƙarafan da ake kankare dattin da ke daskarewa a gindin haƙora, ya kuma yi bayanin cewa dattin nan yana ɓata dasashi. A Turai kuwa, ɗaruruwan shekaru bayansa, masu aski ne ke cire haƙori, su ne kuma ke tsaga da fitar da jini, kamar dai wanzamanmu. Wasu ma a kasuwa suke kafa rumfa, da makaɗa a gefe don kada a ji ihun wanda ake cire wa.

Bafaranshen da ya fara cewa a zo tun ba ciwo

A 1728 wani likita a Paris mai suna Pierre Fauchard ya buga littafin da ake ɗauka shi ne tushen aikin haƙori na zamani. Ya ƙaryata maganar tsutsa, ya ɗora laifi mai yawa a kan sukari da kayan zaƙi. Shi ne kuma ya ba da shawarar cewa mai son haƙoransa su daɗe ya kai su a duba sau biyu ko uku a shekara. Mu lura da abu biyu. Na farko, ba bincike ya yi ya ƙirga ba, abin da ya gani ne a wurin aikinsa. Na biyu, da masu hali na Paris yake magana, waɗanda ke da kuɗin sukari da kuɗin likita. Manomin Faransa na lokacin bai san ana yi ba.

Sukarin nan shi ne ya sauya komai. Tun a 1598 wani matafiyi Bajamushe da ya ga Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya ta Ingila ya rubuta cewa haƙoranta baƙaƙe ne, ya ce yawan shan sukari ne ke jawo wa Ingilishi haka. A lokacin abin masu sarauta ne. Da gonakin rake da bayi ke nomawa a tsibiran Karebiyan suka yawaita, sukari ya yi araha, ya shiga shayin kowane lebura. A ƙarni na 19 ruɓewar haƙori ta zama ruwan dare a Turai da Amurka.

Sana'ar ita ma ta girma tare da cutar. A 1840 aka buɗe makarantar koyon aikin haƙori ta farko a duniya a Baltimore, Amurka. A 1844 da 1846 likitocin haƙori biyu, Horace Wells da William Morton, suka nuna ana iya gusar da jin zafi da iskar da ake shaƙa, abin da ya rage tsoron kujerar likita. Sannan a 1890 Willoughby Miller, Ba'amurke mai aiki a Berlin, ya bayyana yadda kogo ke samuwa: ƙwayoyin cuta da ke cikin baki suna cin ragowar sukari da gari, suna fitar da tsami, tsamin yana narkar da ɓawon haƙori sannu a hankali. Wannan shi ne ginshiƙin duk maganar. Ɓawon haƙori ba shi da jijiya, saboda haka ɓarnar kan yi watanni, wani lokaci shekaru, ba a ji komai ba. Ranar da ciwo ya hana barci, aikin ya riga ya isa ciki. Idan haka ne, sai an samu wani ya leƙa bakin tun ana zaune lafiya.

Soja da ƴan makaranta

Ba tausayin talaka ne ya fara sa gwamnatoci kula da bakin jama'a ba, yaƙi ne. A yaƙin da Ingila ta yi da Turawan Boer a Afirka ta Kudu daga 1899 zuwa 1902, an mayar da samari da yawa gida tun wurin ɗaukar soja saboda haƙoransu, wasu kuma aka dawo da su daga fagen fama don sun kasa tauna busasshen abincin soja. Hukumomi suka gane cewa sojan gobe yana zaune a aji yau.

Nan ne tarihin ya biyo ta ƙofarmu, mu malamai. A 1902 likita Ernst Jessen ya buɗe asibitin haƙori na ƴan makaranta na farko a Strasbourg, wadda a lokacin take hannun Jamus. Cambridge ta Ingila ta bi sahu a 1907. A 1913, a garin Bridgeport na Amurka, Alfred Fones ya fara horar da mata su shiga makarantu suna wanke haƙoran yara suna koya musu riƙon buroshi. New Zealand kuwa a 1921 ta ga ba ta da isassun likitoci, sai ta horar da ƴan mata na shekara biyu ta zaunar da su a makarantu, suna dubawa, suna cike kogo, suna cirewa. Wato duba haƙori a kai a kai bai fara da iyaye masu kai yara asibiti ba. Ya fara ne da wanda ke zuwa inda yaran suke.

Amurka ta sha irin mamakin Ingila. Gab da shigarta Yaƙin Duniya na Biyu, ƙa'idar ɗaukar soja ita ce saurayi ya kasance da haƙora 12 kacal masu haɗuwa da juna, shida na gaba, shida na tauna. Duk da haka matsalar haƙori ta zama cikin manyan dalilan da ake ƙin ɗaukar mutane, har dole aka sassauta ƙa'idar.

Yadda talla ta kafa lambar

To ina wata shida ya samu gindin zama? Babban rabo na masu talla ne. Daga 1929 kamfanin man goge baki na Pepsodent ya ɗauki nauyin wani wasan barkwanci na rediyo mai suna Amos 'n' Andy, wanda miliyoyin Amurkawa ke saurare kusan kowane dare. Tallar takan ce a goge baki da man nan sau biyu a rana, a ga likitan haƙori sau biyu a shekara. Biyu da biyu, ga daɗin faɗa ga sauƙin riƙewa. Ba su ne suka ƙirƙiro shawarar ba, likitoci sun riga sun faɗe ta, amma su suka shigar da ita kowane gida. Likitoci ba su yi musu ba, tunda cuta ta yi yawa kuma ciniki ne ke ƙaruwa. Daga shekarun 1950, da inshorar haƙori ta fara yaɗuwa, kamfanoni suka saba biyan kuɗin dubawa sau biyu a shekara. Abin da ya fara a matsayin shawara ya koma kamar doka.

A Ingila kuma, da aka kafa tsarin kiwon lafiya na kyauta a 1948, jama'a suka yi tururuwa neman haƙoran roba, kuɗin ya fi ƙarfin baitulmali, har a 1951 aka sa musu farashi, ministan da ya kafa tsarin, Aneurin Bevan, ya ajiye aiki. Binciken da aka yi a 1968 ya nuna kashi 37 cikin 100 na manya a Ingila da Wales ba su da ko haƙori ɗaya nasu na asali. A irin wannan hali, ce wa kowa ya zo bayan wata shida ba wauta ba ce.

Ranar da aka nemi hujja

Amma hali ya sauya. Tun 1945 garin Grand Rapids na Amurka ya fara zuba ɗan sinadarin fulorayid a ruwan famfo, bayan an gano cewa kaɗan daga cikinsa yana ƙarfafa ɓawon haƙori. A shekarun 1970 man goge baki mai fulorayid ya game ƙasashen Turai, ruɓewar haƙoran yara ta ragu ƙwarai, kogon da ke samuwa ma ya rage saurin girma.

A 1977 wani malamin jami'a a Landan, haifaffen Afirka ta Kudu, Aubrey Sheiham, ya rubuta a mujallar likitoci ta The Lancet yana tambaya ko akwai hujjar kimiyya ga duban wata shida. Ya bincika bai samu ba. Ya ƙara da cewa yawan zuwa na iya sa a riƙa huda haƙoran da da an bar su ba za su lalace ba. Abokan sana'arsa da dama sun fusata, amma tambayar ta zauna. A 2004 hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin magani a Ingila, ta ce a daina yi wa kowa kuɗin goro: likita ya dubi halin mutum ya yanke masa lokaci. Ga wanda bai kai shekara 18 ba, daga wata 3 zuwa wata 12. Ga babba, daga wata 3 zuwa wata 24. A 2020 aka fitar da sakamakon wani gwaji mai suna INTERVAL, inda aka bi manya fiye da 2,000 a Birtaniya tsawon shekara huɗu. Ba a ga wani bambancin kirki ba tsakanin masu zuwa duk wata shida da waɗanda aka yanke wa lokaci gwargwadon halinsu. Cikin masu lafiyayyen baki, har waɗanda aka ce su dawo bayan shekara biyu ba su fi sauran lalacewa ba.

Kada wani ya karanta wannan ya ce ashe zuwan ba shi da amfani. Mutanen da aka yi gwajin a kansu masu zuwa ne dama, suna da likitansu, suna da man fulorayid a gida. Gardamar Turawa tsakanin wata shida ne da shekara biyu. Tamu tsakanin sau ɗaya ne da ko sau ɗaya.

Mu fa, ina muka tsaya?

Rahoton da hukumar lafiya ta duniya OMS ta fitar a 2022 ya ce kusan mutum biliyan 3.5 ke fama da cututtukan baki, kuma uku cikin huɗu nasu suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. A Nijar likitocin haƙori ƙalilan ne, mafi yawansu kuma suna Yamai da manyan birane. Mutumin ƙauye sai ya biya kuɗin mota, ya bar gona, kafin ya kai ga kujerar. Shi kuwa sukari ya riga likita isowa. Kakanninmu da tuwon hatsi da fura da asawaki suka tsufa, da yawansu da haƙoransu, ko da goro ya rina su. Yaranmu kuwa alawa da biskit da lemon leda suna jiransu a ƙofar lakkwal kowane hutun ƙarfe goma, mu manya ga shayi zagaye uku, kowanne da sukarinsa. Hanyar da Ingila ta bi a ƙarni na 19 ita muke bi, ba tare da asibitocin da ta gina daga baya ba.

Akwai kuma abu biyu a tarihinmu na kusa da suka nuna cewa leƙa bakin yaro ya wuce maganar kogo.

Na farko Tsibirin Gobir, wato Tibiri, nan kusa da Maraɗi. Daga tsakiyar shekarun 1980 har wajen 2000 mutanen garin sun sha ruwan wata rijiyar burtsatse mai fulorayid da ya ninka sau da yawa iyakar da OMS ta sa, wato miligiram 1.5 a lita. Sinadarin da kaɗan ɗinsa ke kare haƙori, yawansa guba ne. Ɗaruruwan yara suka tashi da ƙafafu a lanƙwashe da ƙasusuwa masu ciwo. Alamar da ta fi saurin bayyana ga ido a irin wannan cuta tana kan haƙora: fari-fari kamar alli, daga baya ja da ruwan ƙasa. Tun farkon ƙarni na 20 wani likitan haƙori, Frederick McKay, ya ga irin wannan tabo a bakin yaran Colorado, ya bi sawunsa har aka gano daga ruwan sha yake. Da a ce akwai mai duba bakin ƴan makaranta kowace shekara, wanda ya san ma'anar abin da yake gani, da wataƙila an yi tambaya tun kafin abin ya kai ga ƙashi.

Na biyu cutar noma, wadda wasu ke kira ciwon iska. Tana kama yara, galibi ƴan shekara 2 zuwa 6, waɗanda tamowa ko ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro suka raunana. Tana farawa da abin da ake rainawa: dasashi ya yi ja yana jini, baki yana wari, yaro yana dalalar da yawu yana ƙin abinci. Sai kunci ya kumbura, cikin kwanaki kaɗan ta cinye leɓe da kumatu har ƙashi. In ba a yi magani ba, kusan tara cikin goma ba sa rayuwa. Amma a matakin farko, wanke baki da maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci mai gina jiki suna tsayar da ita. Ƙungiyar Sentinelles tana karɓar irin waɗannan yara a Damagaram tun 1992, Sakkwato tana da asibiti na musamman dominsu tun 1999, kuma a Disamban 2023 OMS ta sa noma cikin jerin cututtukan da duniya ta yi sakaci da su. Yaran da ke isa waɗannan wurare da fuska a ɓace, kusan dukansu akwai makon da ɗaga leɓe kawai zai iya cetonsu.

Abin da ya rage gare mu

Darasin da na ɗauka shi ne, lambar shida al'ada ce da likitoci da masu talla da kamfanonin inshora suka gina a wata ƙasa, don wani zamani. Abin da ke ƙarƙashinta kuwa gaskiya ne a ko'ina: cutar baki ba ta sallama, sai an je an dubo ta. Saboda haka na sauya yadda nake koyar da darasin.

Ga iyaye, abin da nake faɗa a taronmu ke nan. Uwa ta ɗaga leɓen ɗanta a hasken rana sau ɗaya a wata, ta dubi haƙora da dasashi, har can baya. Haƙoran yarinta 20 ne, na manya 32, kuma turmin farko na manya yana fitowa a shekara 6 ba tare da wani ya faɗi ba, daidai lokacin da ake sa yaro CI. A kula da shi. Yaro kada ya wuce shekara ba a nuna bakinsa ga ma'aikacin lafiya ba. In likitan haƙori ya yi nisa, a roƙi majo na CSI ya duba ranar da aka je awo ko rigakafi, in kuma wata hidima ta kai ku birni, a haɗa da wannan. Babba mai lafiyayyen baki yana iya kai shekara biyu. Mai ciwon sukari, da mai shan taba ko tauna ta, da mace mai ciki, da wanda dasashinsa ke jini, su nasu ya fi kusa. Jinin dasashi da warin baki da kumburin fuska ga ƙaramin yaro kuwa ba a kwana da su, ranar za a tafi.

Ga ƴan'uwana malamai, mu ba likitoci ba ne, kuma kada mu sa hannu ko wani ƙarfe a bakin ɗan kowa. Amma yadda muke duba farce da kai da safe, muna iya cewa a buɗe baki sau ɗaya kowane wata uku, mu rubuta sunan wanda muka ga baƙin rami ko kumburi ko tabo, mu kira mahaifinsa. In muka ga tabo iri ɗaya a bakin yara da yawa masu shan rijiya ɗaya, mu sanar da direkta da ma'aikatan lafiya a rubuce. Na fara yin haka bana. Ba ya cin rabin awa, kuma a zagayen farko na aika wa iyaye da dama takarda. Wasu sun kai yaran, wasu sun ce sai bayan girbi.

Yaron nan nawa yanzu yana CM1. Yana tauna da gefe ɗaya, kuma shi ne ke fara buɗe baki ranar dubawa, yana nuna wa sauran giɓinsa. Ƙanwarsa ta shigo CI bana, turminta na farko ya fara leƙowa, na kuma aika wa mahaifinsu cewa wannan ba a famfararsa.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya raya mana zuriya.